Abubakar Imam: Edita da Marubuci

Galibin ɗalibai sun san Alhaji Abubakar Imam ne ta hanyar Magana Jari Ce, amma shekarun da ya yi a kan kujerar edita sun taka rawa wajen gina rubutun zube na Hausa daidai da ƙagaggun labaransa.

An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, sannan ya koyar a Makarantar Midil ta garin. Yana can ne ya shiga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933. Littafinsa Ruwan Bagaja ya yi fice, aka buga shi tare da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1936 aka kira shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, yana ɗauko labarai daga Larabawa, Indiyawa da Turawa, yana yi musu riga da wando na Hausa.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam kuma ya zama editanta na Hausa har zuwa 1951. A nan ne ya fuskanci matsalar da marubucin tatsuniya bai sani ba: yadda za a bayyana Yaƙin Duniya na Biyu da sha'anin mulki ga manomi da ɗan kasuwa, cikin jimla gajera da za a iya karanta wa jama'a a bakin zaure. Shafin wasiƙu kuwa ya buɗe wa talakawa ƙofar kai kuka, abin da ba kowane hakimi ya ji daɗinsa ba.

Jaridun Legas, musamman West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, suna magana da wata murya dabam. Da suka tafi Ingila tare a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, Imam ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara, domin yana ganin gyaran mulkin En'e da yaɗa ilmi su ne gaba ga Arewa. Labarin tafiyar ya fito a Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Ya rasu a 1981. Manhajar sakandare ta riƙe labaransa, amma da wuya malami ya sa sharhinsa na jarida a gaban ɗalibai.