Itacen Gida da Itacen Baƙo

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Tarka da kewaye, in Allah ya kai ɗayanku Yamai, ya daure ya shiga gidan tarihi na ƙasa. An kafa shi a shekarar 1959, kafin samun ƴancin kai. Yau ana kiransa da sunan Bubu Hama. Babban lambu ne na kowa da kowa, faɗinsa hekta 24. Akwai inuwa, akwai namun daji, akwai maƙera da masaƙa. Amma abin da za mu yi magana a kansa wani busasshen itace ne. An gina masa ɗaki nasa a cikin lambun.

Wannan itace ba baƙonku ba ne. Kandili ne, irin wanda raƙumanku da awakinku suke ci a dajin Damargu. Shi kaɗai yake tsaye a tsakiyar Tenere, a kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma. Sai a yi tafiyar kwanaki ba a ga wani itace ba. Masu ayari, waɗanda suke sayen geron Damargu su kai Bilma, da shi suke gane hanya. Ba mai sarar reshensa don dafa shayi. A tsakanin 1938 da 1939 an gina rijiya kusa da shi. Sai aka tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A shekarar 1973 wata babbar mota ta buge shi, ya faɗi. Ranar 8 ga watan Nuwamba na wannan shekara aka kawo shi Yamai. A gurbinsa aka kafa itacen ƙarfe.

To, in ka fito daga lambun, dubi bakin hanya. Ko'ina dogon yaro ne, wanda wasu ke kira bedi. Yaran yanzu suna tsammani tun fil'azal yake nan. Ba haka ba ne. Asalinsa daga ƙasar Indiya yake. A zamanin Turawa aka kawo shi ƙasashenmu, wajen shekara 100 ke nan. Mangwaro ma daga wajen Indiya ya fito. Goba daga ƙasashen Amurka. Itacen turare kuwa daga Ostareliya.

Waɗannan baƙi sun yi mana rana. Dogon yaro yana girma da sauri, kuma yana jure fari. Tun 1965 aka fara dasa shi kewaye da Yamai, don ya tare iska da ƙura. Daga 1975 aka jera shi layi-layi a kwarin Majiya, wajen Buza, ya kare gonaki daga iska. A shekarar nan ta 1975 kuma aka mai da 3 ga watan Agusta ranar dashen itace a Nijar. Kasuwanni da makarantu da ƙofofin masallatai suka samu inuwa.

Amma inuwa daban, abinci daban. Gero ba ya yin kyau a ƙarƙashin dogon yaro, don inuwarsa ta yi duhu. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye. Rana ta samu shuka, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta a gindinsa, su ci ƴaƴansa, su bar kashi. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili. Magabata sun san wannan. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana sarar gawo, kuma ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi.

Ku tambayi tsofaffinku abin da aka ci a yunwar 1973 da ta 1984. Za su ce muku anza. Mata suka tsinko ƴaƴanta, suka jiƙa kwana da kwanaki suna sauya ruwa, har ɗacin ya fita, sannan aka dafa. Za su ambaci ganyen jiga, da aduwa, da magarya. Ba wanda ya dasa su. Ba wanda ya ba su ruwa. Ranar da rumbu ya ƙare, su suka riƙe gida. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bayan farin 1984, manoman Maradi suka sake dabara. In kututture ya toho a gona, ba su ƙone shi. Sai su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran. Wannan shi ake kira sassabin zamani. Saiwar tana nan da rai a ƙasa, ba ta bukatar ban ruwa. Dabarar ta bazu har ƙasar Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta itace miliyan 200 suka tashi ta wannan hanya, a fili hekta miliyan 5.

Ƴan'uwa, ba mu ce a kori baƙo ba. A dasa dogon yaro a ƙofar gida da kasuwa. A dasa mangwaro inda ruwa yake kusa. Amma a gona, a bar na gida ya tashi. Bana in kun fita sharar gona, kuka ga tohon gawo ko aduwa ko anza, ku ɗaga gatari. Ku nuna wa yaranku, ku faɗa musu sunansa da amfaninsa. Kandilin Tenere sai da ya faɗi aka gina masa ɗaki. Namu na Tarka, mu kula da su tun suna tsaye.