Samanja, Ginshiƙin Rundunar Sojan Afirka ta Yamma

Duk wanda ya yi nazarin tarihin yaƙe-yaƙen da Turawan Ingila suka yi a ƙasashenmu, da waɗanda suka ɗebi samarinmu suka kai su ƙetare dominsu, zai tarar marubuta sun cika littattafai da sunayen manyan hafsoshi, alhali kuwa mutumin da nauyin runduna ya rataya a wuyansa dare da rana, wanda in ya dake aka dake, in ya karaya aka watse, shi ne baƙin mutum mai muƙamin samanja, wanda ba safai ake ambatonsa ba.

Asalin Rundunar Sojan Afirka ta Yamma yana komawa ne ga shekarar 1863, lokacin da wani hafsan jirgin ruwa mai suna Glover ya tara waɗansu Hausawa a Ikko, galibinsu bayi ne da suka kuɓuta daga hannun iyayengijinsu, ya koya musu fareti da harbi, har ya tafi da su yaƙin Ashanti a 1873. Daga wannan ƙaramin tushe al'amari ya yi ta bunƙasa, har a 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa runduna sosai, ita ce kuwa ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ta kuma yi artabu da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, inda ya yi shahada. Abin da ya wajaba mai karatu ya lura da shi, ko da yake yana da ɗaci, shi ne Turawan da suka tasar wa Kano ba su kai 50 ba, sauran mayaƙan nan fiye da 700 duk baƙaƙe ne, da yawansu kuma da Hausa suke magana. Saboda haka ne malamai da talakawa suka daɗe suna ƙyamar aikin soja, suna ganin ba mai shigarsa sai wanda gida ya gagara, ko wanda ba shi da asalin da zai kare.

To, runduna irin wannan, wadda shugabanninta baƙi ne, mabiyanta kuma tarin ƙabilu ne, Hausawa da Barebari da Zabarmawa da Dakarkari da Yarabawa, ba ta iya tsayuwa sai da wani amintacce a tsakani. Baturen hafsa yakan zo daga Ingila yana saurayi, a wajabta masa koyon Hausa, domin ita ce harshen bariki, ya yi 'yan shekaru, ya tafi hutu ko a mayar da shi bataliyarsa ta gida, wani sabo ya maye gurbinsa. Amma samanja yana nan, shekara ashirin ko talatin, ya san kowane soja da halinsa, ya san jarumi, ya san matsoraci, ya san wanda bashi ya yi wa katutu da wanda matarsa ta yi yaji. Shi ke karɓar kurtu daga ƙauye ya hore shi har ya iya tafiya da ƙafa ɗaya da 'yan'uwansa, shi ke sulhunta rigingimun bariki tun kafin su isa kunnen Bature, shi ne kuma ke juya umarnin da aka bayar da gurguwar Hausa ya zama maganar da soja zai fahimta ya bi. A wancan zamani soja ba shi da takalmi, da jar dara da kaki yake fareti ƙafa a ƙasa, horo kuwa har da bulala, don haka samanjan da ya dogara ga tsoratarwa kaɗai, ba tare da adalci da riƙon amana ba, a filin fareti ake yi masa ɗa'a, ranar da harsashi ya fara kuka sai ya waiwaya ya ga ba kowa a bayansa.

Babu wanda rayuwarsa ta bayyana wannan matsayi kamar Chari Maigumeri. Shi dai ya fara aikin soja ne a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, ya yaƙi Ingilishi har Jamus ta ba shi lambar jaruntaka, sa'an nan aka kama shi lokacin da Garwa ta faɗi a 1915, daga bisani ya shiga rundunar waɗanda suka kama shi, ya yi musu hidima shekara 36. Ya halarci yaƙin Habasha a 1941, shekarar da sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu suka zarce har Harar suna korar Italiyawa, ya kuma je Burma, ya sami lambobin girma daga Ingila kamar yadda ya samu daga abokiyar gabarta. Duk da wannan shaja'a da sanin makamar yaƙi, wanda ya fi na akasarin hafsoshin da yake ƙame wa, iyakar muƙaminsa shi ne babban samanjan bataliya, sai da ya zo barin aiki a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Burma ne aka jarraba wannan tsari jarrabawa mafi tsanani. An kafa runduna ta 81 da ta 82 a 1943, aka ɗebi mutane daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba. Sarkin Katsina Usman Nagogo ma ya kai musu ziyara can don ƙarfafa zukatansu. A kwarin kogin Kaladan, cikin lardin Arakan, ƙasa ce ta duwatsu da duhuwar daji wadda mota ba ta shiga, sai aka dogara ga 'yan dako masu ɗaukar harsashi da igwa a ka, abinci kuwa jirgin sama ke jefo shi da laima. Bataliya uku na Nijeriya an kai su can bayan sansanin Japanawa a 1944, cikin mayaƙan Janar Wingate. Ga ruwan sama na watanni, ga zazzaɓi da atuni da matsattsaku, ga abokin gaba wanda ya ɗauki miƙa wuya abin kunya, yana kwanton ɓauna cikin dare. A irin wannan hali, da soja ba ya hangen na kusa da shi saboda kaurin daji, umarnin janar takarda ce kawai har sai saje ko samanja ya tashi ya wuce gaba, ya kira mutanensa da sunayensu, ya tabbatar an raba abinci daidai, an ɗauko mai rauni, an yi wa mamaci sutura gwargwadon hali. Da haka rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung a watan Janairu na 1945.

Yaƙin ya tsage katangar da ta hana baƙi hafsanci, domin Seth Anthony na Gwalkwas ya sami muƙamin a 1942, ya yi yaƙi a Burma har ya zama manjo, sa'an nan a 1953 Zakariya Maimalari ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst. Amma ƙofar da aka buɗe ta 'yan makarantar boko ce, tsofaffin samanjoji kuwa, da yake yawancinsu ba su da ilmin takarda, sai suka koma garuruwansu da ɗan fansho, waɗansu suka zama 'yan doka ko masinjoji ko masu gadi, ana kiransu mazan jiya. Barikokin Dodan da Arakan da Myohaung a Ikko, da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk suna ɗauke da tarihin Burma, akwai kuma bariki a Lakwaja mai sunan Maigumeri. Haƙƙin da ya saura a kan masana tarihinmu shi ne su bi zuriyar waɗannan mutane su tattara abin da ya rage na labarinsu, su rubuta shi da harshen da aka yi yaƙin da shi, domin a san cewa shugabancin mayaƙa amana ce da ake samu ta hanyar cuɗanya da adalci da shan wahala tare, kuma samanja ya riƙe ta shekaru da yawa kafin a yarda baƙin mutum ya ɗaura anini a kafaɗa.