Thomas Dougherty da Tarihin Yaƙar Sankara da Haske

Idan aka tambayi mutum hanyoyin da likitoci ke bi wajen yaƙar ciwon daji, abu uku zai ambata: wuƙar tiyata, da gashi, da magungunan nan masu ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya har sumar kai ta zube. Amma akwai wata hanyar da ba ta yi suna kamarsu ba. Ana yi wa majiyyaci allurar wani sinadari da kan taru a cikin ƙari, a jira kamar kwana biyu, sannan a haska wurin da jan haske, sai ƙarin ya mutu. Sunan da aka fi dangantawa da ita shi ne na Thomas Dougherty, wani masanin sinadarai Ba'amurke. Ba shi ya fara gano ta ba, kuma bai taɓa zama likita ba. Abin da ya ja ni ga tarihinsa ke nan: ina so in fahimci yadda mutumin da ya zo bayan shekara saba'in da fara magana ya zama shi ake kira uban fagen.

A birnin Munich na ƙasar Jamus labarin ya faro. Wani ɗalibin likitanci mai suna Oscar Raab, wanda ke aiki a ƙarƙashin Farfesa Hermann von Tappeiner, yana gwada dafin wani rini da ake kira akiridin a kan wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Sai ya lura rini ɗaya, awo ɗaya, wani lokaci ya kashe su nan da nan, wani lokaci kuwa su daɗe suna yawo. Da ya bi diddigi, sai ya tarar haske ne ya raba gardamar: rinin shi kaɗai ba ya kisa haka, hasken shi kaɗai ba ya yi, sai sun haɗu. Ya wallafa wannan a 1900. Bayan shekara uku, malamin nasa tare da wani likitan fata, Albert Jesionek, suka shafa rinin iyosin a kan sankarar fatar wasu majiyyata suka haska ta. Daga baya Tappeiner ya nuna cewa akwai abokin aiki na uku, wato iskar oksijin. A 1903 ɗin ne kuma Niels Finsen na Danmak ya karɓi kyautar Nobel saboda warkar da tarin fukan fata da haske. Ke nan tun a lokacin duniyar ilimi ba ta raina haske a matsayin magani ba.

Sinadarin da ya ɗauki nauyin wannan tarihi daga jini aka samo shi. Sunansa hematofofirin, kuma ana samun sa ne idan aka zare ƙarfen da ke cikin abin da ke ba jini launin ja. Wani likita Bajamushe, Friedrich Meyer-Betz, ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na wannan sinadari, ya fita cikin rana. Fuskarsa da hannunsa suka kumbura, ya shafe fiye da wata biyu yana gudun hasken rana, ya kuma rubuta abin da ya same shi a 1913. Masu karatu kan kira wannan jarunta. Ni dai na fi ganin ganganci a cikinsa, ko da yake ya tabbatar da cewa abin da ya faru da halittun ruwa zai iya faruwa da ɗan Adam.

Daga nan sai hankali ya koma ga gano ciwon, aka bar batun warkarwa. A 1924 wani Bafaranshe, Albert Policard, ya ga ƙarin da ke jikin ɓeraye yana jan ƙyalli idan aka haska shi da wata fitila ta musamman. A tsakiyar shekarun 1950 Samuel Schwartz na Jami'ar Minnesota ya gano wani abin ban mamaki: idan aka tace sinadarin sarai, ba ya taruwa a ƙari yadda gurɓataccensa ke yi. Wato amfanin yana cikin abin da ake ɗauka datti ne. Ya sarrafa shi da ruwan asid ya fitar da wani gauraye, wanda Richard Lipson da abokan aikinsa a asibitin Mayo suka yi amfani da shi a farkon shekarun 1960 don hango ƙari a maƙoshi da hanyoyin iska na huhu.

A nan ne Dougherty ya shigo. An haife shi a 1933 a Buffalo, birnin da ke bakin iyakar Amurka da Kanada. Ya yi digirin digirgir a kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jihar Ohio, ya yi shekaru yana aiki da kamfanin DuPont, sannan a 1970 ya bar aikin kamfani ya koma cibiyar binciken sankara ta Roswell Park da ke garinsu. Da farko yana neman sinadarin da zai ƙara wa gashi ƙarfi ne. Kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce ta gargaɗe shi da kada ya bar ƙwayoyin halittar da aka sa wa wani rini a cikin haske, domin mutuwa suke yi. Ita gargaɗi ta ɗauki abin. Shi kuwa magani ya hango.

Matsalar da ya fuskanta ta launi ce, kuma kowa na iya gwada ta da kansa. Ka kifa tocila a tafin hannunka cikin duhu, za ka ga jan haske ne kaɗai ke ɓullowa ta bayan yatsu, domin jini da nama sun shanye sauran launukan. Shi sinadarin Schwartz ya fi karɓar haske mai launin shuɗi-shuɗi, amma wannan ba ya wuce saman fata. Dougherty ya haƙura da launin da sinadarin ya fi so, ya zaɓi ja mai tsawon zango nanomita 630, wanda sinadarin ke karɓa kaɗan amma yana ratsa nama. A 1975 ya wallafa cewa ya warkar da ƙari a jikin ɓeraye ta wannan hanya. A 1976, shi da Kenneth Weishaupt da ɗalibinsa Charles Gomer suka nuna ainihin makashin: sinadarin kan karɓi ƙarfin haske ya miƙa wa oksijin da ke wurin, sai oksijin ɗin ta rikiɗe ta zama mai ƙuna, ta lalata abin da ke kusa da ita. Ba ta daɗewa, ba ta kuma yin nisa, shi ya sa ɓarnar ke tsayawa inda haske ya sauka. Bincike na baya ya ƙara nuna cewa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin su ma kan toshe, garkuwar jiki kuma takan farka.

Takardarsa ta 1978 a mujallar Cancer Research ita ce, a ganina, ta sauya al'amarin. Majiyyata 25, ɗauke da ƙari 113 a fata da ƙarƙashinta, yawancinsu sauran magunguna sun gaza a kansu. A cikin ƙarin nan, 111 sun baje gaba ɗaya ko sun ragu. Gaskiya ne Ivan Diamond da abokansa sun riga shi nuna wannan a dabba tun 1972, kuma Kelly da Snell a Landan sun gwada shi a mafitsarar wani majiyyaci a 1976. Amma gwaji guda ba ya zama magani. Waɗancan sun taɓa sun wuce. Shi ya zauna. Ya tace gaurayen har ya samo ɓangaren da ya fi aiki, wanda aka sa wa suna Photofrin. Ya rarraba shi ga masu bincike a wasu ƙasashe, ciki har da Yoshihiro Hayata da Harubumi Kato a Tokyo, waɗanda suka zura hasken leza ta siririn zaren gilashi zuwa cikin huhu, suka magance sankarar da aka kama da wuri. Ya kuma yi abin da malaman jami'a da yawa ke ƙyama: neman kamfanin da zai ɗauki nauyin manyan gwaje-gwaje, har maganin ya faɗa hannun kamfanin QLT na Vancouver.

Sakamakon bai zo da sauri ba. Sai a 1993 Kanada ta amince da Photofrin don sankarar mafitsara, Japan ta biyo baya, Amurka kuwa sai a ƙarshen 1995, don buɗe maƙoshin da ƙari ya toshe. Shekara ashirin ke nan bayan ɓerayen. Ga wanda ya kasa haɗiye ko da ruwa, sake cin abinci ba ƙaramin abu ba ne, ko da ciwon bai tafi ba.

Duk da haka ba na cikin masu kuranta hanyar fiye da kima. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: wanda aka yi wa allurar Photofrin sai ya ɓuya daga rana na aƙalla wata guda, in ba haka ba abin da ya sami Meyer-Betz ya same shi. Hasken bai cika ratsa nama fiye da santimita ɗaya ba, don haka babban ƙari mai zurfi ya fi ƙarfinsa, balle wanda ya riga ya bazu a jiki. Maganin kansa gauraye ne na sinadarai masu yawa, abin da ya daɗe yana ba hukumomin kula da magunguna ciwon kai. Har yau hanyar ba ta kai matsayin tiyata ko gashi ba.

Waɗannan naƙasu ne suka zama aikin waɗanda suka biyo bayansa, kuma a nan nake auna tasirinsa fiye da yawan ambaton takardunsa, ko da yake bitar da ya jagoranta a 1998 an ambace ta sau dubbai. A Roswell Park, Barbara Henderson ta zurfafa bincike kan jijiyoyin jini da oksijin, Ravindra Pandey kuma ya ƙirƙiro sinadaran da ke saurin barin fata. A 1990 James Kennedy da Roy Pottier a Kanada suka shafa wa fata wani sinadari, ALA, wanda jiki da kansa ke mayarwa mai karɓar haske. A 2000 aka amince da Visudyne, ɗan wannan gida, don wata cutar ido da ke makantar da tsofaffi, wadda ba ta da alaƙa da sankara ko kaɗan.

Tsohon reshen gano ciwo ma ya sake tohowa. Likitan ƙwaƙwalwa Walter Stummer a Jamus ya riƙa ba majiyyata ALA su sha kafin tiyata, ta yadda ƙarin zai yi jan ƙyalli a ƙarƙashin shuɗin haske, likita ya ga iyakarsa da lafiyayyar ƙwaƙwalwa. A gwajin da aka wallafa a 2006, an cire ƙarin da hoto ke nunawa kakaf a kashi 65 cikin ɗari na majiyyatan da aka yi wa haka, a kan kashi 36 na waɗanda aka yi wa da farin haske. Amurka ta amince da wannan a 2017. Dougherty ya rasu a watan Oktoba na shekarar da ta biyo, yana da shekara 85.