FASHIN BAƘI: Yadda Turanci ke gina yankin suna, da abin da mai bin labaran tsaro zai kula da shi

A daren Juma'a, 11 ga Disamban 2020, 'yan bindiga suka shiga wata makarantar kwana a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. Sunan makarantar da ya bazu a jaridun duniya shi ne "Government Science Secondary School". Da Hausa kuwa ana kiran ta Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati. Manyan kalmomi huɗu ne a kowane ɓangare, ma'anarsu ɗaya, amma an jera su a juye: kalmar da Turanci ya ƙare da ita, da ita Hausa ta fara.

A mazaɓar tarayya ta Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, kamar sauran sassan Najeriya, sanarwar 'yan sanda da umarnin gwamnati da hukuncin kotu yawanci da Turanci suke fitowa, daga baya a fassara su a rediyo ko a yaɗa su ta WhatsApp. Ɗalibin da ke neman gurbi a jami'a ma sai ya ci Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO. Saboda haka kuskuren fahimtar wannan jeri yana iya sauya wanda aka ce ya yi laifi da wanda aka yi wa.

Mene ne yankin suna?

Yankin suna rukunin kalmomi ne da suka taru a kan suna guda, suna aiki tare a jimla tamkar kalma ɗaya. Sunan da sauran kalmomin suka rataya a kansa shi masana nahawu ke kira kai. Ana gane iyakar yankin ta hanyar maye gurbinsa da wakilin suna. A jimlar "The two young farmers from Ruwan Godiya returned", ana iya cire duk abin da ya zo kafin "returned" a sa "they", jimlar ta tsaya daidai.

Cikakken yankin suna na Turanci yana da gurabe huɗu. Na farko mafayyaci, irin su "the", "a" da "this". Na biyu kalmomin da ke zuwa kafin kai, wato adadi da sifa da wasu sunaye. Na uku kan da kansa, wanda a misalin sama shi ne "farmers". Na huɗu bayanin da ke biyo bayan kai, kamar "from Ruwan Godiya". Hausa ma tana da nata tsarin, wanda Farfesa M.K.M. Galadanci ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Landan a 1969.

Harɗaɗɗen suna: a karanta daga dama

Sunan Ruwan Godiya, gari a Ƙaramar Hukumar Faskari, misali ne na yadda Hausa ke harɗa sunaye biyu. Kai, wato ruwa, shi ke fara zuwa, sai harafin nasaba "n", sai kalmar da ke bayyana shi. Da kan mace ne, da "r" za a sa, kamar a "makarantar allo". Turanci ba shi da wannan mahaɗi a irin wannan gini. Yana ajiye suna kusa da suna ne kawai, kuma na ƙarshen shi ne kai. Ruwan sama "rainwater" ne, kasuwar shanu "cattle market", kuɗin fansa "ransom money".

Turanci bai ƙayyade yawan sunayen da za a jera ba, kuma takardun hukuma sun fi kowa tara su. Rundunar tsaron da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 ana kiran ta "Community Watch Corps". Idan aka faro daga dama, "corps" runduna ce, "watch" ta sa ido, "community" a cikin al'umma. Duk tsawon jeri, haka ake warware shi.

Suna da ke bayyana wani suna yawanci a tilo yake zama, ko da ma'anarsa jam'i ce. Shi ya sa ake rubuta "a five-man committee" da "a 24-hour curfew" ba tare da alamar jam'i ba. Wajen rubutu kuma, wasu a haɗe suke kamar "schoolboy", wasu a rabe kamar "school bus", wasu da karan ɗori a tsakani. Babu ƙa'ida guda da ta tattara su, ƙamus ne ke raba gardama.

A baki, nauyin murya ne ke bambance harɗaɗɗen suna da sifa mai bin suna. Idan aka danna kalmar farko a "English teacher", malamin Turanci ake nufi. Idan aka danna ta biyu, malami ɗan Ingila ne. Rubutu ba ya nuna wannan bambanci, kamar yadda rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti.

Inda ma'ana ke ɓacewa

Jera sunaye yana rage tsawon jimla, abin da ya sa masu rubuta kanun labarai ke son sa. Illarsa ita ce yana ɓoye dangantakar da ke tsakanin kalmomin. A "bandit attack", kalmar farko ita ce mai kai harin. A "village attack", kalmar farko ita ce aka kai wa harin. Ginin iri ɗaya ne. Idan aka ce "police killing", babu abin da ke cikin nahawun da zai nuna ko 'yan sanda ne suka yi kisa ko su aka kashe. Mai fassara zuwa Hausa dole ya zaɓi ɗaya, domin "kisan da 'yan sanda suka yi" daban yake da "kisan da aka yi wa 'yan sanda". Wanda ya fassara kanu bai karanta gundarin labarin ba, caca ya yi.

Haka kuma sifa da ta zo gaban sunaye biyu tana iya rataya a kan kowannensu. "Female student hostel" ɗakin kwanan ɗalibai mata ne, hankali ya raba gardama a nan. Amma "suspected bandit informant" na iya nufin mutumin da ake zargi da kai wa 'yan bindiga bayanai, ko kuma mai kai bayanai ga wani da ake zargin ɗan bindiga ne. A yankin da zargin kai rahoto ga 'yan bindiga ke iya jawo wa mutum asarar rai, barin kalmar "suspected" ko "alleged" a wajen fassara yana mayar da zargi hukunci.

Sifa da jerinta

Sifar Hausa tana bin jinsi da adadin sunanta: farin gida, farar mota, fararen kaya. Tana kuma iya zuwa kafin suna ko bayansa, a ce farin gida ko gida fari. Sifar Turanci ba ta sauya kama, "white" ɗaya ce ga namiji da mace da jam'i, kuma gurbinta a yankin suna kafin kai ne. Akwai tsirarun da suka saɓa, irin su "attorney general" da "president-elect", inda sifar ke biyo baya. Shi ya sa jam'in na farko yake "attorneys general".

Idan sifofi suka taru, akwai jerin da masu harshen ke bi ko da ba su taɓa koyon sa a aji ba: ra'ayin mai magana, sai girma, sai shekaru, sai siga, sai launi, sai asali, sai abin da aka yi abu da shi, sai amfaninsa. Ana cewa "a big old red Chinese motorcycle". Wanda ya sauya jerin za a fahimce shi, amma kunnen mai harshen zai ji baƙunta.

Sifar da ta zo kafin kai tana da wani ƙarfi na daban: tana gabatar da magana kamar an riga an tabbatar da ita. Auwalu Daudawa, wanda aka danganta da jagorancin satar ɗaliban Ƙanƙara, ya miƙa makamai a Zamfara a watan Fabrairun 2021, jaridu suka riƙa kiran sa "repentant bandit", wato tubabben ɗan bindiga. Bai daɗe ba ya koma daji, aka kashe shi a ƙarshen watan Afrilun shekarar. Da an rubuta cikakkiyar ganga cewa gwamnati ta ce ya tuba, da mai karatu ya san wanda ya yi iƙirarin. Sifa guda ta haɗiye wannan bayani.

Yankin suna a cikin ganga

A cikin ganga, yankin suna kan zama mai aikatawa, ko karɓau, ko cikamako. Aikatau kuma kai yake bi wajen tilo da jam'i, ko da wani suna ya fi kusa da shi. A misalin "The list of abducted students was released", kalmar "was" ta tilo ce, don haka "list" ne kai. Jerin sunaye aka fitar. Mai gaggawa da idonsa ya kama "students" da "released" kaɗai zai iya kai wa iyaye albishir ɗin da babu shi. Ɗalibai 344 na Ƙanƙara sai ranar 17 ga Disamban 2020 aka sanar da sakin su, bayan kwana shida iyaye suna dakon kowace sanarwa.

Waƙafi ma yana sauya ma'anar ganga mai bayyana suna. "The farmers who paid the levy returned" na nufin waɗanda suka biya harajin ne kaɗai suka koma. Idan aka kewaye "who paid the levy" da waƙafi biyu, ma'anar ta zama dukan manoman sun biya, dukansu kuma sun koma.

Abin da mai karatu zai yi

Idan aka ci karo da dogon jerin kalmomi a kanu ko sanarwa, a fara neman aikatau, domin shi ke nuna inda yankin suna na farko ya ƙare. Sai a nemo kai: sunan ƙarshe a jerin, ko sunan da ya zo daf da "of", "from" ko "who". Daga nan a warware sauran daga dama zuwa hagu, ana tambayar wace kalma kowace sifa ke bayyanawa, kuma wa ya faɗe ta. Idan har yanzu ma'ana biyu na yiwuwa, a karanta gundarin labarin kafin a fassara ko a tura wa wani.