Haƙorin Hankali: Tarihin Turmin da Ke Zuwa a Makare da Kumburin da Yake Jawowa

Mai karatu, sa harshenka can ƙuryar baki ka ƙirga turamenka na ƙasa. Idan ka samu uku a kowane gefe, to na ukun nan shi ne haƙorin hankali. Babban mutum yana da haƙora 32, kuma guda huɗun ƙarshe sukan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25. Shekarun ke nan na yawancin ɗaliban da ke cika Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda aka kafa a 2001, da kuma matasan Makarantar Horar da 'Yan Sanda ta garin. A wannan tsakani ne mutum kan wayi gari dasashinsa na baya ya kumbura, baki na ɗoyi, buɗe shi ma ya zama aiki. Likitoci suna kiran ciwon ferikoronaitis, wato kumburin naman da ke kewaye da kan haƙorin da bai gama fitowa ba. Ciwo ne mai dogon tarihi, kuma sanin tarihin zai taimake ka ka gane abin da ya kamata ka yi ran da ya same ka.

Sunan ma tsoho ne. Aristotle na ƙasar Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya rubuta cewa waɗannan haƙora sukan fito wajen shekara ashirin. Larabawa da Turawa duk sun danganta su da hankali, domin sai yaro ya mallaki hankalin kansa suke zuwa. To amma me ya sa haƙorin da aka halicce mu da shi zai rasa wurin zama a bakinmu?

Amsar tana cikin tukunya. Ƙashin muƙamuƙi yana girma ne gwargwadon aikin da aka ba shi lokacin ƙuruciya. Mutanen farko da ke taunar saiwoyi da nama mai tauri suna da dogon muƙamuƙi, kuma haƙoransu suna cinyewa saboda tsakuwa da ƙasar da ke cikin abinci, sai su matsa gaba kaɗan su bar wa na ƙarshe fili. Tun a 1871 Charles Darwin ya kawo ra'ayin cewa abinci mai laushi yana gajarta muƙamuƙi. A 2011 wata masaniya mai suna Noreen von Cramon-Taubadel ta auna ƙoƙunan kai na al'ummomi 11 daga sassan duniya, ta ga cewa muƙamuƙin mafarauta ya fi na manoma tsawo. A nan gida ma, binciken da Olasoji da Odusanya suka wallafa a shekarar 2000 kan matasan kudu maso yammacin Najeriya ya nuna maƙalewar haƙorin hankali ta fi yawa a birni nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da ƙauye. Ka duba bambancin yaron da ya tashi yana shan rake, yana cin goruba da aya da gasasshiyar masara, da wanda ya tashi da taliya da burodi da shayi. Girman haƙori gado ne, amma girman ɗakin da zai zauna, abinci na da hannu a ciki.

Ga yadda ciwon yake faruwa. Idan wuri ya yi kaɗan, haƙorin, musamman na ƙasa, sai ya leƙo rabi ya tsaya. Wani ɗan leɓen nama yakan rufe sauran rabin kamar murfi. Ƙarƙashin murfin nan akwai ɗumi da laima, kuma iska ba ta shiga, buroshi ma ba ya kaiwa. Guntun abinci ya shiga ya maƙale, ƙwayoyin bakteriya irin waɗanda ba sa son iska su samu wurin hayayyafa. Nama ya kumbura, haƙorin sama kuma ya riƙa cizonsa duk lokacin da ka rufe baki, kumburi ya ƙaru. Daga nan sai mugunya, da wari, da kaluluwa a ƙarƙashin haɓa.

Mutanen da ba su san ƙwayoyin cuta ba, tsutsa suka ɗora wa laifi. Akwai rubutun Babila na dubban shekaru da ke ba da labarin tsutsar haƙori, kuma har gobe za ka ji mai magani a kasuwa yana cewa zai fitar maka da ita. Babu wata tsutsa a haƙori. Amma ba duk ilimin da ne shirme ba. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu a 1013, ya zana ƙarafan kankare dattin haƙori guda 14 a littafinsa Al-Tasrif, ya kuma gargaɗi masu cire haƙori da kada su yi gaggawa, domin abin da aka cire ba ya dawowa. A ƙasar Hausa kuwa, wanzami shi ne mai tiyatar gari, kanumfari shi ne maganin raɗaɗi, asuwaki kuma shi ne rigakafi. Kanumfari na da sinadarin yujinol mai kashe zafi, wanda likitocin haƙori ke amfani da shi har yau. Matsalar ita ce yana kwantar da zogi ne kawai, ba ya kwashe dattin da ke ƙarƙashin nama.

A 1728 Pierre Fauchard na Faransa ya fitar da littafin da ake ɗauka a matsayin tushen likitancin haƙori na zamani. Duk da haka, cire turmin da ya kwanta cikin ƙashi ya ci gaba da zama azaba, ido biyu, babu abin kashe zafi. Barinsa kuma na iya zama ajali. A 1836 wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wani kumburi mai tauri kamar katako da ke cika ƙasan baki, ya tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar numfashi. Daga baya aka gane cewa yawanci daga turamen ƙasa na biyu da na uku yake tasowa. Kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, fiye da rabin waɗanda ya kama mutuwa suke yi.

Abubuwa uku ne suka sauya labarin. Na farko kashe zafi: Horace Wells ya gwada iskar sa dariya a 1844, William Morton kuma ya nuna aikin sinadarin ita a Boston ranar 16 ga Oktoba, 1846. Dukansu likitocin haƙori ne, ka ga ashe ciwon haƙori ne ya buɗe wa duniya ƙofar tiyata ba zafi. Allurar lidoken da ake yi maka a dasashi yau, a Suwidin aka haɗa ta a 1943. Na biyu hoton ƙashi: Röntgen ya gano shi a ƙarshen 1895, a farkon 1896 kuma Otto Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoransa, ya zauna minti 25 cur ana haska shi. Da hoto ne George Winter ya iya rarraba yanayin kwanciyar haƙorin hankali a 1926, tsarin da ɗalibai ke karantawa har yanzu. Na uku magani: Fleming ya gano fenisilin a 1928, a 1962 kuma wani likita mai suna Shinn ya lura cewa matar da ake ba metronidazol don wata cuta daban, gyambon dasashinta ya warke. Shi ne Flagyl ɗin da ka sani a kemis.

Da aikin ya yi sauƙi, sai aka wuce gona da iri. A Amurka da Ingila an shafe shekaru ana cire wa matasa haƙoran hankali lafiyayyu, wai don gudun abin da ka iya zuwa. Alhali cirewar na da nata haɗari: jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji tana wucewa dab da saiwar haƙorin, idan aka taɓa ta wurin na iya mutuwa na watanni, wani lokaci har abada. A shekarar 2000 hukumar NICE ta Ingila ta ce a daina cire wanda ba ya ciwo. Kumburi na farko, in bai yi tsanani ba, bai isa dalilin cirewa ba. Amma idan ya dawo karo na biyu, a cire. Kusan maganar al-Zahrawi ce aka komo wa bayan shekara dubu.

Mu a nan matsalarmu akasin haka ce: jinkiri. Sai a 1966 aka buɗe makarantar likitancin haƙori ta farko a Najeriya, a Jami'ar Legas, kuma an daɗe kafin Arewa ta samu nata. Yau akwai tsangayar haƙori a Jami'ar Bayero da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar kusan kilomita 40 daga Wudil. Amma da yawa sai an gama zagayen kemis, an sha amoksisilin kwana biyu an ajiye, an ɗora asfirin a kan dasashi ya ƙone nama, wasu har ruwan batir ko fetur, sannan a nufi asibiti da wuya a kumbure.

To me za ka yi? Rigakafin dai tsafta ce, kuma a ƙuryar bakin take. Ko buroshi ko asuwaki, ka ɗan rufe bakinka kaɗan domin kunci ya saki, ka kai shi har bayan haƙorin ƙarshe, safe da dare. Idan ka fara jin zogi, ka narka rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi ka kurkure bayan kowane abinci. Maganin kurkure baki na kulohegzidin yana taimakawa na ɗan kwanaki. Farasitamol ko ibufurofen za su rage zafi, sai dai mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda da mace mai juna biyu su guji ibufurofen. Ainihin maganin kuwa a hannun likita yake: zai wanke ƙarƙashin murfin naman da sirinji, ya ɗauki hoto, ya duba ko haƙorin na da hanyar fitowa ko kuwa cirewa ce mafita. Ƙwayoyin kashe bakteriya ba na kowane kumburi ba ne, sai cutar ta fara yaɗuwa, kuma shan su barkatai shi ke koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Idan zazzaɓi ya shigo, ko baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu ba sa shiga, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ko murya ta sauya, ko numfashi ya fara wuya, to a tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar hanzari. Ciwon da Ludwig ya bayyana bai tafi ko'ina ba. Abin da ya sauya shi ne yau akwai allura da hoto da magani, ga wanda ya iso da wuri.