Manhajar Ƙirƙirarriyar Basira da Rumbunan Bayanai: Me Manomin Gozaki Zai Samu?

Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da ya fito a watan Nuwamba na 2022, suna da wani rauni da aka gina su da shi. Ana horar da su da tarin rubuce-rubuce har zuwa wani lokaci, daga nan sai iliminsu ya tsaya cak. Idan manomi a Gozaki, cikin ƙaramar hukumar Kafur ta Jihar Katsina, ya tambayi irin wannan manhaja kuɗin buhun masara a yau, ba ta da hanyar sani, amma hakan ba ya hana ta ƙago adadi cikin lafazi mai daɗi. A ƙasar da farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sannan ya faɗo a 2025, tsohon farashi yana iya jawo wa mutum asarar guminsa na damina guda.

Maganin da masana suka fito da shi shi ne a haɗa manhajar da rumbunan bayanai na intanet ta wata ƙofar tambaya da ake kira API. Tambaya ta shigo da Hausa, manhajar ta gane cewa amsar ba ta cikin abin da ta haddace, sai ta tsara buƙata: wace kasuwa, wane hatsi, wane wata. Rumbun ya dawo da lambobi, ita kuma ta mayar da su magana. Kamfanin OpenAI ya buɗe wannan hanya ga masu gina manhaja a watan Yuni na 2023. A Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ta sa rumbu ɗaya zai iya amsa wa manhajoji iri-iri ba tare da an sake ginin ƙofa ga kowace ba, kuma a 2025 OpenAI da Google suka karɓe ta.

Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, ban kuma ga dalilin raina shi ba. Sai dai guga ba ya ɗebo abin da babu a rijiya. Don haka tambayar da ta kamata mu yi ita ce: me aka rubuta game da ƙasar Gozaki a waɗannan rumbuna, wa ya rubuta, kuma yaushe?

A ɓangaren sama da ƙasa akwai abin a zo a gani. Rumbun CHIRPS yana ɗauke da ƙiyasin ruwan sama tun daga 1981, a ma'aunin fili mai faɗin kimanin kilomita 5, kuma taswirar iSDAsoil da ta fito a 2020 tana ƙiyasta yanayin ƙasar noma ta Afirka a kan kowace mita 30. Amma dukansu ƙiyasi ne da aka haɗa daga hotunan tauraron ɗan'adam da ma'aunai na nan da can. Manomin da ya san inda jigawa ta ƙare fadama ta fara a gonar gadonsa ya fi taswirar sanin gonar. Haɗarin shi ne manhajar ta karɓi ƙiyasi ta furta shi da muryar tabbas.

Maganar farashi ta fi wuya, ita ce kuma ta fi shafar aljihu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin abinci wata-wata, amma a matakin jiha, inda aka cakuɗa Daura da Funtuwa wuri guda. Cibiyar FEWS NET da Hukumar Abinci ta Duniya suna bin wasu manyan kasuwanni, irin su Dawanau a Kano, Giwa a Kaduna da Dandume a kudancin Katsina. Wannan ya matso kusa, amma farashin Dandume na watan jiya ba shi ne abin da dillali zai taya wa manomi yau a bakin gona ba. Tsakanin biyun akwai kuɗin mota, da lada, da ɗaukar kaya, da danshin hatsin da bai gama bushewa ba. Ga kuma batun awo: rumbu yana lissafi da kilo, kasuwa tana lissafi da tiya da buhu, kuma cikar buhu tana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, wani a ɗinke bakinsa a shafe, wani a yi masa toliya. Manhajar da ta juya kilo zuwa buhu ba tare da ta faɗi wane buhu take nufi ba ta ɓatar da mai tambaya, ko da lambar da ta ɗebo daidai ce.

Wani zai ce ai ko rabin bayani ya fi babu. Na yarda, da sharaɗin a gaya wa mutum cewa rabi ne. Amsa ta gari ita ce wadda za ta ambaci sunan kasuwa, da ranar da aka ɗauki farashin, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da wanda ya tattara. Idan rumbu bai dawo da komai ba, manhajar ta ce babu. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a yankin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina a watan Satumba na 2021, har da Funtuwa da Malumfashi, saboda matsalar tsaro. Lokacin da kasuwa ta fi rikicewa shi ne lokacin da bayanai suka fi yankewa, kuma a daidai nan ne manhaja mara tarbiyya za ta cike giɓin da tsohon labari.

Saura aikin da ke kan cibiyoyinmu. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa. Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru da takwararta NAERLS, dukansu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suna da ilimin irin masara da dawa da auduga da ya dace da wannan yanki, wanda aka tara shekaru da dama. Mafi yawan wannan dukiya tana cikin rahotanni da ƙasidu da aka tsara don idon mutum, ba a jere cikin rumbun da na'ura za ta yi wa tambaya ba. Muddin haka ta ci gaba, manhajar za ta riƙa ɗebo amsa daga inda ƙofa take a buɗe, wato daga waje, ta bar na gida.

Ina kira ga waɗannan cibiyoyi da Gwamnatin Jihar Katsina su ɗauki malaman gona da matasan yankin su riƙa rubuta farashin kasuwannin Kafur, Malumfashi, Bakori da Funtuwa kowace ranar kasuwa, da tiya da kilo tare, su kuma buɗe rumbun kyauta ga duk mai gina manhaja da Hausa.