Katangar Tsaro Marar Adireshi: Asalin Tagwayen Kafofi da Yadda Buƙatarsu ta Taso a Abuja

Katangar tsaro, wadda injiniyoyin sadarwa suka fi kira fayawol, na'ura ce ko manhaja da ake girkawa tsakanin kwamfutocin wata ma'aikata da sauran duniya, domin ta duba bayanan da ke shiga da fita, ta bar abin da ƙa'ida ta amince da shi ya wuce, ta tare saura. Bayanai ba sa tafiya a dunƙule a kan waya, yanyanka su ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi, kuma irin wannan yanki shi ake kira ƙunshi. Girka katangar iri biyu ne. A na farko, wanda aka fi sani, katangar takan zama zango mai adireshin kanta, kwamfutocin ciki su riƙa miƙa mata ƙunshinsu ita kuma ta zaɓa masa hanya. A na biyu kuwa, kafofinta biyu, wato ramukan da ake cusa waya, ake ɗaurewa su zama tagwaye, a sa su a tsakiyar layin da ke aiki, ta yadda duk abin da ya shiga ta ɗaya ba shi da mafita sai ɗayar, kuma na'urorin da ke gefe da gefe ba su san an sa wani abu a tsakaninsu ba. Misalinta kamar shingen bincike ne a kan titin da ke shigowa Abuja daga Nyanya, inda direba bai sauya hanya ba, bai sauya inda za shi ba, amma babu motar da za ta wuce ba a duba ta ba, kuma idan masu duban suka yi kaɗan cunkoso ya tabbata.

Tushen wannan dabara ya girmi katangar tsaron kanta. Tsarin Ethernet, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a cibiyar binciken kamfanin Xerox a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1973, ya fara ne da waya guda wadda kwamfutoci da yawa ke rataye a jikinta, kuma da yake kowace tana jin abin da sauran ke aikawa, da zarar sun ƙaru sai layin ya cushe. A shekarun 1980 injiniyoyin kamfanin DEC suka samar da na'urar da aka kira gada, wadda ke haɗa wayoyi biyu tana lura da lambar da masana'anta ta buga wa katin sadarwar kowace kwamfuta, wato adireshin MAC, har ta koyi wace ce ke wane gefe, sannan ta daina tsallakar da abin da ba ya buƙatar tsallakawa. Falalar gadar ita ce ba a sanar da kwamfutoci cewa tana nan, ba a kuma sauya musu komai. Illarta kuwa, idan aka jona gadoji har hanya ta zagayo ta koma inda ta fito, ƙunshi yakan yi ta kewayawa yana ninkuwa har sadarwar ta durƙushe. Radia Perlman, ita ma ta DEC, ta warware wannan a 1985 da wani lissafi da ke sa gadoji su riƙa aika wa juna gajerun saƙonni, su gano hanyoyin da suka maimaitu su rufe su, kuma ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mai da shi ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990.

Tace bayanai domin tsaro ya biyo ta wata hanya dabam. A ranar 2 ga Nuwamba 1988 wata manhaja mai yaɗa kanta, wadda ɗalibin Jami'ar Cornell Robert Tappan Morris ya saki, ta kama kwamfutocin da aka ƙiyasta sun kai 6,000, abin da ya sa aka kafa cibiyar kai ɗaukin gaggawa ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon a cikin wannan watan. Daga nan aikin ya kankama: Jeffrey Mogul na DEC ya yi rubutu a kan tace ƙunshi a 1989, Bill Cheswick da Steven Bellovin na Bell Labs suka fitar da littafinsu a kan katangun tsaro a 1994, kuma a wannan shekarar kamfanin Check Point na Isra'ila ya fito da FireWall-1, wadda ke riƙe tarihin kowace hira tsakanin kwamfutoci biyu maimakon ta yanke wa kowane ƙunshi hukunci shi kaɗai. Kusan duk waɗannan katangu masu adireshi ne, kuma a nan wahalar take, domin shigar da zango sabo cikin sadarwar da ta riga ta kafu yana nufin raba adireshi sabo, da gyara teburan rauta, wato na'urar da ke zaɓa wa ƙunshi hanya tsakanin sadarwa da sadarwa, da bin na'urori ɗaya bayan ɗaya ana sauya musu ƙofar fita.

Daga cikin waɗanda suka fara haɗa gada da tacewa a aikace akwai mutanen da wuta ta riga ta kama musu gida. A watan Agusta 1992 masu kutse suka mamaye kwamfutocin Jami'ar Texas A&M, wadda ke da dubban na'urori a hannun sassa daban-daban, babu kuma halin a tsayar da karatu da bincike domin a sake tsara su. Injiniyoyinta uku, David Safford da Douglas Schales da David Hess, suka ɗauki kwamfutar tebur mai katin sadarwa biyu, suka rubuta mata manhajar da suka kira Drawbridge, suka sa ta a kan layin da ke fita daga jami'ar, ta riƙa aiki a matsayin gada tana kuma tacewa. Kasuwa ta biyo baya. Kamfanin Sun ya fitar da SunScreen a 1995, wadda kafofinta na tacewa ba su da adireshin IP, saboda haka mai kutse ba ya samun inda zai auna ta. Masu tsarin OpenBSD suka sa gada mai tacewa a cikin manhajarsu ta kyauta a ƙarshen shekarun 1990. NetScreen, wanda Juniper ya saya a 2004, ya yi suna da irin wannan girki. Cisco kuma ya shigar da shi cikin katangarsa ta PIX a 2005.

Sai dai tagwayen kafofi a sigarsu ta yau sun fito ne daga na'urorin gano kutse. Manhaja irin Snort, wadda Martin Roesch ya rubuta a 1998, da farko a gefe take zama, a ba ta kwafin abin da ke wucewa, ta kwatanta shi da alamomin hare-haren da aka sani, idan ta ga abin zargi ta yi ƙararrawa. Ranar 25 ga Janairu 2003 ta nuna iyakar wannan tsari, domin a ranar ce tsutsar kwamfuta mai suna Slammer, wadda gaba ɗayanta ƙunshi guda ne mai bayit 376, ta kama kwamfutoci kusan 75,000 a cikin kimanin minti goma, kafin wani ma'aikaci ya karanta ƙararrawa balle ya ɗauki mataki. Dole na'urar ta tashi daga gefe ta hau kan layin, inda za ta iya yar da mugun ƙunshi da kanta. Domin kada ta dagula sadarwar, masu ƙera ta suka sauƙaƙa ta fiye da gada: ba ta koyon adireshin MAC, ba ta zaɓen hanya, abin da ya shiga kafa ta ɗaya ta biyu zai fita ko a yar da shi. Palo Alto Networks, wanda Nir Zuk ya kafa a 2005, da Fortinet, da Cisco bayan ya sayi Sourcefire a 2013, duk sun ɗauki wannan tsari, kowa da sunan da ya raɗa masa.

Aikin girkawar a ido ba shi da yawa. Injiniya yakan zare wayar da ta taso daga rautar kamfanin intanet zuwa babban suwic na ofis, wato akwatin da wayoyin kwamfutocin gini ke haɗuwa a cikinsa, ya cusa ta a kafa ta ɗaya, ya ɗauko gajeriyar waya ya haɗa kafa ta biyu da suwic ɗin, yayin da shi kansa yake sarrafa katangar ta wata kafa ta uku da aka keɓe, wadda ita kaɗai ke da adireshi. Abin da ke bayan wannan shi ne mai wuya. Wajibi ne saurin kafofin biyu ya zo ɗaya. Wajibi ne a bar saƙonnin nan na lissafin Perlman su wuce, in ba haka ba zagayen da aka yi maganinsa tun 1985 ya dawo. Idan layin yana ɗauke da sadarwoyi da yawa da aka bambanta da lambobin VLAN, sai an faɗa wa katangar waɗanda za ta bari. Idan waya ɗaya ta mutu, sai katangar ta kashe ɗaya kafar, domin na'urar da ke ɗaya gefen ta gane ta koma layin ko-ta-kwana. Idan kuma tambaya ta fita ta wannan layi amsa ta dawo ta wani, katangar da ke riƙe tarihin hira za ta ga amsa ba tambaya, ta yar da ita. Injiniyoyin da suka san aiki sukan bar ta kwanaki tana kallo kawai tana rubutawa, kafin su ba ta ikon tarewa.

Tarihin Abuja ya sa wannan dabara ta dace da ita ƙwarai. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammad, ita ta kafa Babban Birnin Tarayya, kuma gwamnati ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba 1991, lokacin da intanet bai shiga ofisoshin Najeriya ba, saboda haka yawancin gine-ginen farko ba a zana su da tunanin sadarwar kwamfuta ba. An kafa hukumar sadarwa ta NCC a 1992, aka kafa hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA a 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta fara aiki, amma a tsakanin nan ma'aikatu da hukumomin da ke warwatse a Garki da Wuse da Maitama kowace ta nemi mafitarta, da ɗan kwangilarta, da faifan tauraron ɗan'adam a kan rufinta. Wannan rarrabuwa ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta kafa kamfanin Galaxy Backbone a 2006, domin ya tattara sadarwar hukumomi a kan ginshiƙi ɗaya. Daga baya manyan ayyukan gwamnati suka hau waya: tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007, na sarrafa kuɗin gwamnati na GIFMIS a 2012, da asusun bai-ɗaya na TSA da aka tilasta a 2015, yayin da wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1, waɗanda suka fara aiki a 2010, suka ƙara yawan abin da ke zirga-zirga. Sadarwar da aka gina ta haka, ɗaki bayan ɗaki, sau da yawa takan ƙunshi firintoci da kyamarori da na'urorin ɗaukar zanen yatsa da aka shigar wa adireshi da hannu, wanda ya shigar ɗin kuma ya daɗe da barin wurin, kuma a irin wannan hali sauya adireshi yana iya tsayar da aikin ofis na kwanaki.

Dokokin tsaro sun zo ne bayan an gama shimfiɗa wayoyin. A ranar zaɓen shugaban ƙasa ta 28 ga Maris 2015 masu kutse suka sauya fuskar shafin hukumar zaɓe ta INEC, a watan Mayu na wannan shekarar aka sa hannu a kan dokar yaƙi da laifukan intanet, wadda ta wajabta kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma gyaran da aka yi mata a 2024 ya rage wa'adin rahoton daga kwana 7 zuwa sa'a 72. Babban Bankin Najeriya ya fitar wa bankuna ƙa'idojin tsaron intanet da suka fara aiki a Janairu 2019, dokar kare bayanan jama'a ta biyo baya a Yuni 2023, kuma a wannan shekarar ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya bayyana cewa an ƙirga yunƙurin hari kimanin miliyan 12.9 a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa. Hukumar da doka ta ba sa'a 72 ta faɗi abin da ya same ta tana buƙatar idon da ke ganin abin da ke bi ta layinta, kuma tagwayen kafofi su ne hanya mafi sauƙi ta samar da wannan ido ba tare da an rushe abin da aka gada ba.

Wannan sauƙi yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta ƙarara. Katangar da ke bakin layi ba ta ganin abin da ke gudana tsakanin kwamfutoci biyu na cikin gini ɗaya, kuma yawancin bayanan yau a kulle suke tafiya da tsarin ɓoye saƙo na TLS, wanda sigarsa ta 1.3 ta fito a 2018, saboda haka ba ta karanta cikinsu sai an ba ta ikon buɗewa, buɗe saƙonnin ma'aikata da na jama'a kuwa magana ce da ta shafi dokar 2023. Rashin bayyanarta ma yana da nasa haɗari, domin na'urar da ba ta bayyana a jerin zangon da ƙunshi ya bi takan ɓace wa injiniyan da ya zo daga baya idan ba a rubuta ta a taswirar sadarwa ba.

Tambaya mafi nauyi ita ce abin da zai faru idan katangar ta mutu, kuma a garin da ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta ba baƙon abu ba ne, wannan tambaya ta kullum ce. Wasu katangu suna da makunni a cikin kafofinsu wanda ke haɗe wayoyin biyu kai tsaye da zarar wuta ta yanke, aiki ya ci gaba ba tare da tacewa ba; wasu kuma ana saita su su rufe layin ɗungurungum har a gyara. Asibiti yana iya zaɓar na farko domin kada bayanan marasa lafiya su tsaya, ofishin da ke riƙe kuɗin jama'a ko bayanan shaidar 'yan ƙasa kuwa na biyu ya fi dacewa da shi. Wannan hukunci ne na shugabancin hukuma, domin shi ke ɗauke da alhakin abin da ya tsaya da abin da ya fita, kuma bai kamata a bar shi ga ɗan kwangilar da ya zo girki ranar Asabar ba. Ya kamata kowane babban sakatare da kowane shugaban hukuma a Abuja ya nemi a kawo masa taswirar sadarwar ofishinsa, a nuna masa inda tagwayen kafofin suke, ya zaɓi buɗewa ko rufewa a rubuce, ya kuma naɗa wanda zai riƙa karanta rahoton katangar kowace rana.